Rumfar Mai Turi

Da wuya ka ratsa unguwa a Kano, Zariya, Katsina ko Maraɗi ba ka ci karo da rumfar da babu hajar da ido zai gani a cikinta ba, amma ba ta rabuwa da jama'a tun daga hantsi har bayan isha'i. Tebur ne da benci, da laftof ɗaya ko biyu, da tarin igiyoyin waya a cukurkuɗe, sai lasifika da ke tashin waƙa don jan hankalin masu wucewa. Mai wannan rumfa shi ne mai turi, wasu kuma su ce ɗan dawunlodin. Aikinsa ya zuba maka fim, waƙa, karatun Alƙur'ani, wa'azi ko wasan barkwanci a waya ko a memori, ka miƙa masa 'yan canji ka kama gabanka.

Jarin bai taka kara ya karya ba, shi ya sa matasa suka yi wa sana'ar rubdugu. Laftof ɗan gwanjo, faifan ajiya mai ɗaukar dubban fayil, abin karanta memori, da ƙaramin janareta ko sola, an gama. Sai dai tara kayan aiki daban, iya sana'ar daban. Gwanin mai turi ya san mutanensa kamar yadda mai shayi ya san wanda ke son madara da yawa. Dattijo na zuwa ya san tafsirin Sheikh Ja'afar Mahmud Adam ko na Sheikh Ɗahiru Bauchi zai nema, ko kuwa Shata da Ɗanƙwairo. Ɗan adaidaita yana son waƙoƙin da za su raka shi wuni guda a kan titi, su Nura M. Inuwa, Umar M. Shareef da Hamisu Breaker. Matan aure kuwa, waɗanda su ne ƙashin bayan cinikin duk da ba kasafai suke zuwa da ƙafarsu ba, fim mai dogon zango suke bi, da Indiya-Hausa. Za ka ji yaro ya iso da memori ƙunshe a takarda yana haki: “Yaya, in ji Umma a saka mata ci gaban na jiya, kuma wai kar a goge mata karatun.” Mai turi ba ya tambayar wane na jiyan. Ya san inda ta tsaya.

Akwai kuma fasahar hannu da ba kowa ke lura da ita ba. Dole ya san wayar da ke buɗe MP4 da ƙaramar waya mai madannai wadda sai an matse mata fim zuwa 3GP. Dole ya iya gane jabun memori, irin wanda zai nuna maka gig 32 amma da an wuce kaɗan sai komai ya lalace, domin in fim ya ƙi buɗewa shi za a zaga, ba wanda ya sayar da memorin ba. Ga yaƙi da bairos ɗin da ke bin fulash yana mayar da folda fanko. Wanda ya tsara ma'ajiyarsa da kyau, kowane mawaƙi da foldarsa, kowane shiri da lambar fitowarsa, zai sallami mutum biyar kafin maƙwabcinsa ya gama laluben ɗaya.

Wannan sana'a ba daga sama ta faɗo ba. Jikar kasuwar kaset ce. Tun kafin ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a 1990, akwai 'yan kasuwa a Ƙofar Wambai da ke da injinan kwafar finafinan Indiya da na Amurka, da dillalan da ke kai su har Sakkwato, Maiduguri da Nijar. Masanin nan ɗan jami'ar Kolombiya, Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano, ya nuna cewa a kan wannan hanya ta kwafe ne finafinan Hausa suka hau suka bazu. Har wata dabara aka ɓullo da ita a lokacin: furodusa ya ba ɗan kasuwa uwar kaset, ya buga kwali, ɗan kasuwa ya kwafa a nasa kaset ɗin, a yi lissafi da yawan kwalin da aka sayar. Kwalin shi ne shaidar haƙƙin mai fim. Da faifan CD ya zo, tsarin ya ɗan jure. Da memori ya zo sai aka rasa abin ƙirgawa, domin fayil ba shi da kwali, kuma kwafi na dubu daidai yake da na farko. Cikin 'yan shekaru kasuwar faifai ta durƙushe, manyan 'yan kasuwar fim da dama suka koma wasu harkokin.

A nan ne maganar satar fasaha ta shigo, kuma bai kamata a yi mata kwana-kwana ba. Fim dukiya ce. Wani ya sayar da fili ko ya ci bashi ya biya marubuci, darakta, jarumai, mai ɗaukar hoto, mai haɗawa, har da mai dafa wa ma'aikata abinci. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023 ta maye gurbin ta 1988, ta fito fili cewa kwafa da rarraba aikin wani don kasuwanci ba da izininsa ba laifi ne, ko a faifai ko ta intanet, kuma ta ba mai haƙƙi damar neman a sauke aikinsa daga shafin da aka ɗora shi. Wanda kuma zai ce ai wannan dokar Bature ce, to Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙi ne da shari'a ta kare, bai halatta a keta shi ba.

Hujjar da masu turi suka fi kafawa a yau ita ce: ai kyauta suka sa shi a YouTube. Gaskiya ne, tun da kasuwar faifai ta mutu masu shirya fim suka koma can, da tashoshi irin Arewa24 da ta fara aiki a 2014, da manhajoji irin Northflix. Shirye-shirye irin Izzar So da Labarina a nan suka yi suna. Amma kyautar ba kyauta ba ce. YouTube na biyan mai tasha ne daga kuɗin tallar da ake nuna wa masu kallo. Idan mai turi ya sauke fitowa ɗaya da asuba ya zuba wa mutum ɗari kafin magariba, abin da aka rubuta wa furodusa bai wuce kallo ɗaya ba, sauran kuɗin ya tsaya a rumfa. Mutane da yawa da ke ganin suna ƙaunar jarumi kaza ba su san ko sisin kwabonsu bai taɓa isa gare shi ba.

Duk da haka ba na cikin masu ganin kame da ƙwace laftof ne maganin abin. Mai turi yana toshe wata kafa ce da masana'antar ta kasa toshewa. A farkon 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Matar da ke lissafin kuɗin cefane ba za ta ƙona data a kan shiri mai awa guda kowane mako ba, ga wuta babu, ga sabis na yankewa. Wurin mai turi za ta aika, ko an so ko an ƙi. Wasu furodusoshin sun gane haka, suka koma sayar wa masu turi fim kai tsaye ta hannun shugabanninsu, su kuma su raba a tsakaninsu. Kuɗin bai kai na zamanin kwali ba, kuma ana yawan ƙorafin cewa kwafi na zillewa zuwa Telegram tun kafin a gama rabo. Amma hanyar ke nan da za ta mayar da mai turi dillali mai izini, ya ci halaliyarsa ba tare da fargabar hukuma ba.

Sai dai akwai wani ɓangare na sana'ar da ba a cika tattaunawa a kai ba, alhali a ganina shi ya fi kusa da gidajenmu. Furodusa yana da ƙungiya, yana da lauya, yana iya zuwa rediyo ya koka. Matar da ta aiko da wayarta fa?

Ku duba abin da ke faruwa a kan teburin. Yaro ya miƙa waya, mai turi ya ce, “Ƙanena, mene ne fasawod ɗin?” Yaro ya faɗa, don an riga an gaya masa a gida. Da an soka igiya an zaɓi tura fayil, duk cikin wayar ya baje a fuskar kwamfuta: foldar kyamara, hotunan biki da na kamu, hotunan da mace ta ɗauka a ɗakinta ba mayafi, bidiyon da aka turo ta WhatsApp, hoton katin NIN da aka ɗauka don cike wani fom. Wayar kuma tana hannunsa a buɗe, da saƙonnin banki a ciki, da layin da ake tura kuɗi da shi. Kwashe foldar hotuna gaba ɗaya ba shi da wuya, kuma ba ya barin wata alama da mai wayar za ta gani. Sau da yawa ma akwai abokan hira uku ko huɗu a kan benci, idonsu na kan allon.

Ba ina cewa haka masu turi suke ba. Mafi yawansu neman abinci ya fito da su, kuma akwai waɗanda za su mayar da yaro su ce, “Koma ka ce wa Umma ta ciro memorin kawai ta aiko.” Irin waɗannan sun cancanci a san su a kuma riƙa kai musu ciniki. Amma mutum ɗaya marar tsoron Allah ya isa ya rusa aure ko ya hana yarinya fita daga gida. Kano ta ga misalin haka tun a 2007, lokacin da wani bidiyon sirri na wata jaruma da aka ɗauka da waya ya bazu daga hannu zuwa hannu ta Bluetooth. Rayuwarta ta juye, aka dakatar da ɗaukar fim na tsawon watanni, Hukumar Tace Finafinai da aka kafa a 2001 ta ƙara tsananta dokoki. Wannan a zamanin da waya mai kyamara ta 'yan ƙalilan ce, babu Facebook a hannun kowa, babu TikTok. Doka dai akwai ta: sashe na 37 na tsarin mulki ya kare sirrin ɗan ƙasa, ga Dokar Laifukan Intanet ta 2015, ga Dokar Kare Bayanai ta 2023. Addini ma ya riga su, Suratul Hujurat ta hana bin diddigin sirrin mutane. To amma wace mace ce za ta je ofishin 'yan sanda ta ce hotonta na ɗaki yana yawo? Kunya ke rufe bakin wanda aka zalunta, shi ya sa ba a jin yawancin labaran.

Abin da ke fita daga wayar ke nan. Akwai kuma abin da ke shiga. Uba zai ba ɗansa ɗan shekara goma sha biyu memori ya ce a cika masa da sababbi, bai sake tambaya ba. Tambarin hukumar tacewa yana kan fim ɗin da aka kai mata ne, ba ya bin abin da aka sauko da shi daga intanet cikin dare. Sanannen abu ne cewa wasu rumfunan suna da foldar da ba a nuna wa kowa, sai yaro ya rage murya ya tambaya. Iyaye kan yi ta faɗa a kan TikTok, alhali hanyar da ta fi sauƙi ga yaron da ba shi da kuɗin data tana bakin layinsu. Gyaran nan ba shi da tsada: a sayi memori daban wanda ba a ajiye komai a kansa sai abin kallo, shi kaɗai ke fita daga gida, waya ta zauna a hannun mai ita. Uwa ta rubuta sunan abin da take so a takarda, in ya dawo a buɗe a duba. Shugabannin masu turi kuma, da suka iya haɗa kan 'ya'yansu wajen sayen fim, za su iya kafa ƙa'idar cewa ba a karɓar waya a buɗe daga hannun yaro, kuma wanda aka kama da hoton wani a kwamfutarsa a tashi rumfarsa.

A cikin birni cinikin ya fara ja da baya. Matasa masu manyan wayoyi suna tura wa juna ta Xender ba sai sun biya kowa ba, kuɗin fetur ɗin janareta ya ninka tun da aka cire tallafi a 2023, shi ya sa za ka ga rumfar turi ta haɗa da cajin waya, da POS, da sayar da gilashi da murfin waya. Amma a karkara kasuwar yanzu ta buɗe. Ranar kasuwar ƙauye mai turi kan ɗaure laftof da batir a bayan babur, ya kafa tebur kusa da masu caji, mutanen rugage da ƙauyukan da sabis bai kai ba su yi layi da memorinsu, wasu su cika na mako guda. Waɗannan 'yan kallo ne da YouTube ba ta taɓa ƙirga su ba, kuma furodusan da ke neman mayar da kuɗinsa ba shi da wata hanyar isa gare su sai ta kan wannan teburin.