Daga Ina Kalmar Dala Ta Fito?

Gaisuwa ta musamman ga ɗalibanmu na Ɗan Gulbi, cikin ƙasar Dakoro, jihar Maradi. Darasinmu na yau a kan sunayen kuɗi yake. Kullum muna faɗinsu a kasuwa, amma kaɗan ne daga cikinmu suka san inda suka fito.

Bari mu fara da dala. Wajen shekarar 1520, a ƙasar Turai, an yi wani gari mai ramin haƙar azurfa. Garin yana cikin kwari, a ƙasar da yau ake kira Cek. Da Jamusanci sunansa Yowakimstal, wato Kwarin Yowakim, gama "tal" kwari ke nan a harshensu. A nan aka riƙa buga wani babban kuɗin azurfa. Sunan garin ya yi wa mutane tsawo, sai suka gajarta, suka ce wa kuɗin "tala", wato ɗan kwari. Kun ga yadda aka ce Ɗan Gulbi saboda gulbi, haka aka ce tala saboda kwari.

Kalmar ta shiga bakin Turawan Ingila, ta koma "dola". A shekarar 1792 ƙasar Amurka ta yi dokar buga kuɗinta da wannan suna. Wata tala kuma, mai hoton Sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya da shekarar 1780 a jikinta, fatake suka ƙetaro hamada da ita har ƙasar Hausa. Da Faransawa suka zo da kuɗinsu na azurfa na tamma biyar, girmansa ya yi kusa da nata, sai aka ce masa dala shi ma. An kawo sefa a 1945, amma sunan bai gushe ba. Har yau tamma biyar ita ce dala.

To, ɗan'uwa, a nan ne za ka buɗe ido. Mu da dala muke lissafi a baki, amma a takarda da tamma ake rubutawa. In ka ga 100 a jikin kuɗi, dala 20 ce. In ka ga 500, dala 100 ce. In ka ga 1000, dala 200 ce, wato jikka guda. Ƙa'idar ita ce ka raba lambar gida biyar. In kuwa kai ne za ka rubuta, sai ka ninka dalarka sau biyar. Misali, ka ba mutum rancen dala 400. In ka rubuta 400 kawai, ranar biya mai karanta takardar zai ce dala 80 ce. Abin da za ka rubuta shi ne 2000. Da yawa an yi rigima tsakanin ƴan'uwa a kan irin wannan.

Akwai wasu sunayen da suka zo mana daga Ingilishi, ta hanyar Kano da Katsina. Mutum yakan ce, "Ba ni da ko sisi." Asalin sisi "sikis fens" ne, wato kwabo shida. Sule daga "shilin" yake, kwabo 12 ke nan. Fam daga "faun" yake, shi kuma sule 20 ne. Kwabo daga "kofa", sunan jan ƙarfen da ake buga shi da shi. Ran 1 ga Janairu 1973 Najeriya ta bar fam da sule, ta kama naira. Kuɗin sun tafi, amma sisi yana nan cikin maganarmu.

Ka lura kuma, kalma ɗaya takan yi ma'ana biyu. A Najeriya ta wancan zamani dala sule biyu ce, jaka kuwa fam 100. Saboda haka in ciniki ya kai ka Jibiya ko Katsina, kada ka ce "na sallama" sai ka tambaya da wane kuɗi ake magana. Matambayi ba ya ɓata.

Yanzu ga aikin da muke so ka yi. Ka ware shafi biyu a ƙarshen littafinka. Duk kalmar da ka ji a rediyo ko ka gani a takarda, ba ka gane ta ba, ka rubuta ta. Ka tambayi malaminku ma'anarta, ko wani tsoho da ya yi fatauci. Sa'an nan ka yi jimla da ita, ka karanta wa abokan karatunka. Kalma uku a mako ta isa. Kafin shekara ta zagayo ka tara fiye da 150.

Ga ukun farko: anini, wuri, zambar. Dukansu na kuɗi ne da lissafinsa. Ku tambayi tsofaffin garinku, ku rubuta abin da suka faɗa muku, ku kai wa malami.

Mu kwana nan. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.