Yadda tauraron ɗan Adam ke ƙiyasta amfanin gonakin taba a kwarin Gulbin Maraɗi

Idan ruwan Gulbin Maraɗi ya janye bayan damina, manoman fadama daga Madarumfa har yankin Gidan Sori, cikin gundumar Gidan Rumji, sukan dasa taba a kan laimar da ya bari. Kafin a kai ganyen kasuwa, ba kasafai ake sanin yawan abin da yankin zai samar ba, don haka manomi yakan shiga ciniki da ɗan kasuwa ido rufe. Hotunan tauraron ɗan Adam na iya rage wannan duhu.

Lafiyayyen ganye yana shanye jan haske, yana kuma mayar da wani haske da idon mutum ba ya gani. Tauraro yana auna waɗannan biyun, sai a fitar da ma'aunin da ake kira NDVI, wanda ke hawa gwargwadon yawan ganye da lafiyarsa. A gonar hatsi, koren kara ba ya tabbatar da cikar zangarniya. A gonar taba kuwa ganyen shi ne amfanin, shi ya sa dabarar ta fi dacewa da ita.

Taurarin Sentinel-2 na Tarayyar Turai, waɗanda aka harba na farkonsu a 2015, suna ɗaukar hoton wuri guda duk kwana 5, kuma kyauta ake samun hotunan. Kowane ɗigo a hoton fili ne mai mita 10 tsawo da 10 faɗi, wato hekta guda ɗigo 100 ke nan. A Yamai, cibiyar AGRHYMET da aka kafa a 1974 ta daɗe tana bin yanayin damina a Sahel da hotunan sama.

Sai dai gonakin fadama ƙanana ne. Kwatar hekta ɗigo 25 ce kawai, na gefe kuma suna cakuɗe da tumatir ko barkonon maƙwabci. Gawo, da ke fitar da ganye da rani, yana ƙara koren da ba na taba ba. Hazo ma yakan dusashe hoto. Bayan haka, ana sayar da taba ne a bushe, tauraro kuma ba ya ganin nauyinta ko ingancinta bayan shanya.

Dole ne malaman gona su sauka fadama, su shata iyakar wasu gonaki da GPS, su auna busasshen ganyensu a sikeli, sannan a gwada da abin da hoto ya nuna. Da wannan awo ne ake ƙiyasta na sauran gonakin.

Alƙaluman za su yi wa hukuma amfani ita ma. Nijar ta amince da yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya kan taƙaita taba a 2005, wadda ta tanadi a taimaka wa manoma su samu wata shukar da za ta maye gurbinta. Kafin a ce wa manomin Gidan Sori ya koma noman zogale ko albasa, sai an san hekta nawa taba ta mamaye da abin da take kawo wa iyalinsa.