Ko Kun Sani? Do, Re, Mi a Kumasi

Da do, re, mi, fa, so, la, ti mawaƙan cocin Kumasi ke koyon waƙa. John Curwen ne ya yaɗa tsarin a Ingila cikin ƙarni na 19, 'yan mishan suka kawo shi Ghana.

Abin burgewa, sautuka bakwai ne kacal, amma mafari ke sauya ɗanɗano. In mawaƙi ya tashi daga do ya dire kan do, waƙar takan fito garau. Daga la kuwa, sai ta yi sanyi kamar ta juyayi. Wadda ta fara daga re, ita ake kira Doriyan.

A kasuwar Kejetia da ke Kumasi salo biyu ke haɗuwa: waƙoƙin gargajiyar Asante kan sautuka bakwai suke tafiya, yawancin na Hausawan unguwar Zongo kuwa kan biyar.