Sikeli ba ya faɗin gaskiyar jikin tsohuwa

Duk ranar 14 ga Nuwamba, ranar ciwon suga ta duniya, kiran ɗaya ne: a motsa jiki a rage ƙiba. Ga iyayenmu mata na Yola da Jimeta, wannan rabin magana ce. Daga shekara 30 tsokar mutum kan ragu da kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari duk shekara goma, abin ya ƙara sauri bayan 60. Idan haila ta ɗauke kuma, kitse ya taru a tumbi, ƙashi ya yi rauni. Tsohuwa kan daɗe nauyinta bai motsa ba, alhali tsoka na zagwanyewa, kitse na maye gurbinta. Sai ka ga tana dafa bango kafin ta miƙe daga sujada.

Kakanninmu ba su san ɗakin motsa jiki ba, amma sun san taɓarya. Surfe da daka, jan guga a rijiya, ɗaukar ƙwaryar nono daga ruga zuwa kasuwa, duk ƙarfafa tsoka ne, kuma kullum ake yi. Injin niƙa da famfo da Keke Napep sun ɗauke wannan wahala, babu mai hankalin da zai ce a dawo da ita. Laifinmu shi ne ba mu sa komai a gurbinta ba, muka ƙara da "Inna, zauna ki huta", muna ganin biyayya ce, alhali gurgunta ta muke yi.

Wani zai ce tsufa ya riga ya kama. A 1990 likita Maria Fiatarone ta fitar da sakamakon gwaji a Boston ta Amurka: tsofaffi masu kimanin shekara 90 sun yi mako 8 suna ɗaga nauyi da ƙafa, ƙarfinsu ya haura ninki biyu, tsokar cinya ta ƙaru. Wani zai kawo zafin Yola, da kan kai digiri 40 a Afrilu. To, bayan asuba fa, a tsakar gida? Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 na motsa jiki ta nema a mako, da aikin tsoka aƙalla kwana 2. Tashi da zama daga kujera sau goma ya shiga lissafi. Mai ciwon gwiwa ko zuciya ta fara ganin likita.

Me zai hana Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama da Asibitin Ƙwararru na Yola su tura ma'aikatan gashin ƙashi mata zuwa Islamiyyun matan aure, inda tsofaffin suke taruwa dama, su koya musu?