Gansakukar Teku: Aidin a Kan Aidin

A da, mai neman magani a cikin birnin Kano Kasuwar Kurmi yake nufa, ya ga saiwa da sassaƙe da idonsa. Yau talla ta wayar hannu take shigowa har ɗaka, kuma cikin abin da ake yayi akwai gansakukar teku.

Tsiro ne da ke fitowa a duwatsun gaɓar Tekun Atilantika. Masu tallarsa na cewa yana ɗauke da ma'adinai 92, yana rage ƙiba, yana ƙara kuzari. Binciken da aka yi a kan mutane bai kai ya tabbatar da hakan ba.

Abin da ya tabbata shi ne sinadarin aidin, kuma nan gizo ke saƙa. Baligi maikirogiram 150 yake buƙata a rana, ga shi tun 1993 aka wajabta sanya aidin a gishirin Najeriya don yaƙi da maƙoƙo. Adadinsa a gansakuka kuwa ya bambanta daga kwalba zuwa kwalba, kuma yawansa kan kawo maƙoƙon da ƙarancinsa ke kawowa. Mai juna biyu ta tambayi likita tukuna. Tsiron yakan kuma zuƙi dalma daga gurɓataccen ruwa, abin da ido ba ya gani a cokali.