Kwamfutar da ke ƙin mai ita

A wata rumfar cajin waya da tura waƙoƙi a Abala, an yi wata kwamfuta mai zaɓen wanda za ta yi wa gardama. In yaron rumfa ne a gabanta, sai ta wuni tana aiki lafiya lau. Da mai rumfar ya karɓi kujera, kafin ya tura wa'azi biyu a katin waya sai allo ya yi ƙif, alamomin da ke kansa da layin ƙasa su ɓace, su dawo, duk dosiyoyin da ya buɗe sun rufe. Windows 7 ce ta Faransanci, kuma magana ɗaya take maimaitawa: Explorateur ya daina aiki.

Masu zaman benci suka yanke hukunci nan take: birus ne, a kai ta Filinge ko Yamai a wanke ta gaba ɗaya. Faɗa da baki ba wuya. A lokacin Abala tana ƙarƙashin dokar ta-ɓaci tun 2017, hanya ba ta shiguwa yadda aka ga dama, kuma wankin zai tafi da waƙoƙi da finafinan da aka yi shekaru ana tarawa, su ne jarin rumfar.

Ɗan ƙanwar mai rumfar, ɗalibi da ya zo hutu daga Yamai, shi ya ce a dakata. Ya fara da zargin jama'a. Birus ɗin da ya addabi masu wannan sana'a yakan ɓoye dosiyoyin kile, ya bar na bogi masu ƴar kibiya a gefe. Babu alamarsa, binciken riga-kafi ma bai kama komai ba. Balle birus bai san fuskar mai gida ba.

Sai batun wuta, tunda da hasken rana da batir ake aiki. Ya kunna waƙa a VLC, ya ce kawun ya zauna. Allo ya yi ƙif kamar kullum, amma waƙa ba ta ko yi tuntuɓe ba. Da wuta ce ko zafi, da na'urar duka ta mutu. Ashe manhaja ɗaya ce ke faɗuwa, Explorateur ɗin nan, wato explorer.exe, kuma da yake ita ke riƙe da dosiyoyi da layin ƙasa da alamomin allo, faɗuwarta kan yi kama da mutuwar komai.

Daga nan ya daina kallon allo, ya koma kallon hannu.

"Kawu, sake yi in gani, sannu-sannu."

"To me zan sake? Abin da yaron nan ke yi shi nake yi."

Ba shi ba ne. Yaro da yatsu biyu yake kwafa, Ctrl da C, sannan Ctrl da V. Kawu kuwa sai ya danna ɓangaren dama na linzami, ya jira jerin umarni ya fito, ya nemi kwafa a ciki. A daidai wannan jiran ake faɗuwa. Jerin nan ba na Windows kaɗai ba ne: manhajoji da yawa, in an girka su, sukan cusa nasu layin a ciki, kuma ɗan fayil ɗin da ke zana layin a cikin jikin Explorateur yake aiki. In ya faɗi, tare suke faɗuwa.

Saura a san wane ne. Windows tana da rajistar da take rubuta kowace faɗuwa, kuma abin takaici ne yadda masu gyara da yawa ba su taɓa leƙa ta ba. Ɗalibin ya rubuta eventvwr, ya buɗe ɓangaren manhajoji, ga jajayen layuka masu lamba 1000 jere, kowanne da sunan fayil ɗaya mai ƙarewa da .dll, da adireshin inda yake: dosiyen wata manhajar rage nauyin bidiyo.

Da aka buɗe dosiyen, fayil ɗin nan kaɗai ne a ciki. Nan yaro ya sunkuyar da kai. Wuri ne ya yi masa ƙaranci, ya share dosiyen da hannu maimakon ya cire manhajar ta hanyarta. Komai ya tafi sai wannan, don Windows ba ta yarda a share fayil ɗin da ake aiki da shi. Ya zauna maraya, duk lokacin da aka kira shi ya nemi ƴan'uwansa ya rasa.

Maganin bai kai tsawon binciken ba. Ɗalibin ya sauko da ShellExView, ƴar ƙaramar manhaja ta kyauta mai jero duk irin waɗannan baƙin, ya kashe layin, ya sake kunna na'ura. Kawu ya danna dama, jeri ya fito, ya kwafa. Daga baya aka sake girka manhajar bidiyon, aka cire ta yadda ya kamata, ko waƙa ɗaya ba ta salwanta ba.

Mai karatu, in taka ta fara wannan ƙiftawa, kafin ka ba da ita a wanke, lura da abin da hannunka ya taɓa na ƙarshe, sannan ka buɗe rajistar ka nemi lamba 1000.