Taurarin Indiya: Mai Hisabi, Mai Duba da Mai Yoga

Duk ranar 14 ga Janairu, wata shekara 15, miliyoyin mabiya addinin Hindu kan shiga kogin Ganga su yi wanka don bikin Makar Sankranti. A wurinsu, ranar ce rana take juyawa ta nufi arewa, kuma watanni shidan da ke biye su ne masu albarka. Littafin Mahabharata ya ba da labarin tsohon jarumi Bishma, wanda aka sossoke da kibau a fagen fama, ya kwanta a kansu, ya ƙi sakin ransa har sai da rana ta juya. Bhagavad Gita ma, a babi na 8, ta danganta wannan zango da hanyar da mai yoga ke bi idan ya mutu, ba ya sake komowa duniya.

Sai dai rana ba ta juyawa a tsakiyar Janairu. Tun wajen 21 ga Disamba take kama hanyar arewa. Dalili shi ne duniya tana layi a hankali kamar katantanwar da ta fara gajiya, abin da ke sa taurari su goce da daraja ɗaya duk shekara 72. Masu hisabin Indiya da taurari suke auna buruji, don haka ranakun biyu, ta biki da ta juyawar rana, da suka dace kimanin shekara 1,700 da suka wuce, yau akwai mako uku da 'yan kwanaki tsakaninsu. Malamansu sun san da haka, har kwamitin Meghnad Saha da gwamnati ta kafa a 1952 don gyaran kalanda ya yi aiki a kai, amma biki bai gusa ba.

Asalin ilmin taurarinsu, wanda suke kira Jyotisha, ba duba ba ne. Tsohon littafin da ake jingina wa Lagadha ya damu ne da sanin lokacin yin hadaya, ta hanyar bin wata a masaukansa 27. Buruji goma sha biyu da zana taswirar haihuwa daga baya suka shigo, ta hannun Girkawa. A shekarar 499 mai hisabi Aryabhata ya rubuta cewa duniya ce ke juyawa, kuma inuwa ce ke kawo husufi. Jama'a kuwa suka ci gaba da cewa dodo Rahu ne ke haɗiye rana da wata. Aka sasanta ta hanya mai ban sha'awa: Rahu da Ketu suka zama sunayen gurabe biyu inda hanyar wata ke gitta ta rana, waɗanda husufi ba ya aukuwa sai a kusa da su. Mai hisabi ya sami abin lissafawa, mai duba ya sami ƙarin taurari biyu a kan bakwai.

To ina yoga ta shigo? Ba miƙe-miƙen jiki da ake nunawa a talabijin ake nufi ba. Burinta na asali shi ne kuɓuta daga zagayen haihuwa da mutuwa. Mai duba yana cewa taswirar haihuwarka takardar bashin ayyukanka ce na rayuwar baya, har yakan nuna gida na 12 da Ketu a matsayin alamar kuɓuta. Littattafan hatha yoga kuma suka mayar da sama cikin jiki: magudanar numfashi ta hancin hagu ta wata ce, ta dama ta rana, aikin mai yoga shi ne ya tattara su a ta tsakiya.

Amma Patanjali, babban malamin wannan hanya, bai sakar wa taurari fuska ba. A babi na 3 na littafinsa ya ce mai tattara hankali a kan wata zai san tsarin taurari, mai tattara shi a kan tauraron arewa zai san tafiyarsu. Ba a yi nisa ba sai ya gargaɗi almajiri cewa irin waɗannan baiwa shinge ne ga mai neman nutsuwa ta ƙarshe. Albiruni, malamin Musulmi da ya rubuta Kitabul Hind wajen 1030, ya fassara littafin nan zuwa Larabci, ya kuma zargi mai hisabi Brahmagupta da kare labarin Rahu alhali ya san lissafin husufi sarai.

A ganina nan gizo ke saƙar. Hisabi ana iya gwada shi da sama, burin yoga al'amarin imani ne da ba ya shiga ma'auni, duba kuwa yana aron mutuncin duka biyun. A 2001 hukumar jami'o'in Indiya ta amince a koyar da duba, masana kimiyya suka yi ca, kotun ƙoli ta ƙi hanawa a 2004. A 2008 masanin falaki Jayant Narlikar da abokan aikinsa suka ba masu duba 27 taswirar haihuwar yara 40 kowannensu, su ware masu hazaƙa daga masu naƙasar ƙwaƙwalwa. Sun dace a kusan kashi 46 cikin ɗari, alhali mai canki-canka zai sami kusan 50.